Sawun Keke a Hanyar Rafi

Ranar Asabar ɗin da aka tsayar za a ba da kyauta, tun kafin hantsi labari ya karaɗe Orozo: keken ƙungiyar yara ya yi ɓatan dabo.

Sabo yana kwance bakin buhun masara a rumfarsa ta hatsi aka zo kiransa. Bai tambayi dalili ba. A unguwar nan, in akuya ta ɓata ko an ɗauke janareta, shi ake fara nema kafin a tuna da 'yan sanda. Mahaifinsa maharbi ne a ƙasar Zazzau, kuma tun yana ƙarami yake bin sa daji, har ya koyi karanta ƙasa. Da Abuja ta fara bunƙasa, gine-gine suna tashi ko'ina, ya biyo ayarin masu neman abinci ya sauka a Orozo, inda haya take da sauƙi. Baka da kwari sun tsaya a gida, idon dai ya taho da shi.

A filin makarantar firamare ya tarar da jama'a sun yi dafifi. A tsakiyarsu Yamusa ɗan jari bola ne zaune dirshan a ƙasa, kurarsa ta tura kaya a kife gefe guda, tsofaffin ƙarafa da robobi sun watse. Samari biyu suna tsaye a kansa da gora. Leɓensa ya fashe.

"Wa ya doke shi?" in ji Sabo.

Samarin suka kau da kai. Wani daga baya ya ce, "An gan shi a bayan makaranta da sassafe."

"Kullum ana ganinsa a bayan makaranta. Ku ja baya, don Allah. Kun tattake mini ƙasa kamar an yi dambe."

Maganar keken ba ta buƙatar bayani ga kowa a wurin. Famfon burtsatsen makarantar ya lalace tun bara, yara suna ɗauko ruwa daga gida a gora. Sai Malam Muhyiddeen, wani matashin malami mai zafin nama, ya haɗa yaran unguwa, Musulmi da Kirista, ya koya musu haɗa sabulun ruwa, su sayar a gyara famfo. Don ya ƙara musu kuzari ya yi alkawari: wanda ya fi kowa sayarwa zai samu keke. Sabo ya ga keken ranar da aka kawo shi daga Nyanya, shuɗi, ledarsa ma ba a ɓare ba. Aka kulle shi a ɗakin ajiya na makaranta. Wadda ta ci kuwa an riga an sani: Promise ce, 'yar Bartholomew, ma'aikacin wata ma'aikatar gwamnati a Garki.

Bartholomew ɗin ne ya ratso jama'a, salula a hannu, gumi yana zubo masa.

"Malam Sabo, abeg, bari in kira polis kawai. Yarinya na tana gida tana kuka tun safe. Wannan mutum ya san inda ya kai shi."

"In ka kira su, yau Yamusa zai kwana a bayan kanta, ko shi ne ko ba shi ba ne. Ka ba ni zuwa la'asar."

Bartholomew ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne za ka bincika? Kai da ka tashi a mitin ka ce ba a yi adalci ba?"

Sabo ya ji maganar har cikin ransa, domin gaskiya ce.

"Na faɗa," in ji shi, "kuma ban janye ba. Amma ka ba ni zuwa la'asar."

*

Abin da ya faɗa a taron iyaye ba sirri ba ne. 'Yarsa Ummukulthum, da ake kira Ummi, ita ta zo ta biyu. Wata guda cur yarinyar nan tana dawowa daga makaranta ta aje jaka, ta ɗora faranti a ka, ta bi gida-gida har bakin Karshi tana tallar sabulu. Ya sha ganinta da magariba tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi. Ita kuwa Promise, ubanta ne ya loda katan-katan a mota ya kai ofis, ogansa ya saye duka a rana ɗaya don wanke banɗakunan ma'aikata. Da aka sanar da sakamako Sabo ya miƙe ya ce, yara aka ce su yi gasa, ba iyayensu ba. Malam Muhyiddeen ya sunkuyar da kai ya ce ƙa'idar da aka kafa ke nan tun farko: wanda ya fi sayarwa. Sabo ya koma gida yana ta mita, har matarsa Safara'u ta ce masa, "Baban Ummi, yarinyar fa tana jin ka."

Ya tsuguna gaban Yamusa, ya miƙa masa ruwa a leda.

"Faɗa mini, me ya kawo ka nan da safe?"

"Gorori, Malam. Na sabulun da suka huje. Malamin ne ya ce in riƙa kwashewa." Ya kurɓi ruwan. "Wallahi ko ƙofar ban kalla ba. Ni da na zo garin nan ba ni da kowa, ina zan kai keke sabo fil?"

"Da ka zo, ruwa ya ɗauke?"

"Ana yayyafi."

An yi ruwa da asuba, mai ƙarfi, wanda ya share ƙasa tas. Sabo ya zagaya bayan azuzuwa inda jama'a ba su taka ba, ya sami sawun kura: layi biyu a jere, tazararsu ɗaya, sun zo juji sun juya sun koma titi. Ɗigon yayyafi ya farfasa bakin sawun. Sawun bai matsa kusa da ɗakin ajiya ba ko kaɗan. Waɗanda suka ce sun ga sawun keke a nan, tayoyin kura suka gani, don tayoyin tsohon keke ne aka ɗaura mata.

Ya dawo ya ce wa samarin, "Ku tayar masa da kurarsa, ku zaunar da shi a inuwa. Wanda ya ƙara taɓa shi, ni da shi ne."

*

Malam Muhyiddeen yana tsaye bakin ɗakin ajiya kamar wanda aka yi wa rasuwa. Kwaɗon ƙofar lafiyarsa ƙalau, ba a fasa shi ba, kuma wannan ya sa tuni wasu sun fara raɗa cewa malamin da albashinsa ke makara ai ya san inda ake sayar da keke.

"Malam, makulli nawa ne?"

"Ɗaya ne."

"Yana ina jiya?"

Kunya ta rufe malamin. Ya ɗaga hannu ya nuna saman ƙofa, inda bulo bai haɗu da katako ba. "A nan nake ajiye shi. Na taɓa yar da shi a mota, shi ya sa. Yanzu ma a nan na same shi."

"Wa ya sani?"

"Ni kaɗai, ina jin." Ya sosa ƙeya. "Ban sani ba, Baban Ummi. A nan muke dama sabulu."

Sabo ya dubi ƙasa. Gefen ƙofa akwai wani guntun bulo da laka a samansa. Daga inda yake zuwa jikin bango akwai jan layi a ƙasa, alamar an jawo shi, ba ɗauko shi aka yi ba. Ya miƙa hannu sama, ya taɓa maɓoyar makullin ba tare da ya yi ɗage ba. Malamin ya fi shi tsayi. Yamusa ya fi su duka.

"Ka kwantar da hankalinka," ya ce masa. "Wanda ya buɗe ƙofar nan sai da ya taka bulo, kuma bulon ya yi masa nauyi. Sannan ya mayar maka da makullinka inda ya same shi. Ban taɓa ganin ɓarawo mai irin wannan ladabi ba."

*

Yana fitowa, mai ƙosan bakin titi ta yafuto shi, ta rage murya. Ta ce da sassafe ta ga motar Bartholomew ta wuce ta gaban makaranta, but ɗinta na baya a buɗe an ɗaure da igiya, an lulluɓe wani abu a ciki. Ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma mutanen ofis, wa ya san halinsu, kila so yake a saya masa na biyu.

Sabo bai so ba, amma ya je. Gidan yana sabuwar unguwa, inda ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga cikin gari suka yi gini. Motar tana tsakar gida, but ɗin a buɗe har yanzu. Kujerun roba ne a ciki, da akwatunan lemo.

Bartholomew ya ga inda idonsa ya sauka, ya yi murmushi mai ciwo. "Na taron ne. Na saya wa dukan yara, ba Promise kaɗai ba. Duba da kyau, Malam Sabo."

"Ka yi haƙuri. An faɗa mini, dole in zo in gani."

Suka zauna a baranda. Bartholomew ya daɗe yana jujjuya salularsa kafin ya yi magana.

"Ka san ban yi don in cuci yarinyar ka ba. Ina fita tun duhu, ina dawowa duhu. Go-slow na Nyanya kaɗai ya ishe mutum. Ba ni da lokacin da zan riƙe hannun Promise mu je talla. Abin da na iya shi ne na yi. Kuma pump ɗin, ba da wannan za a gyara ba?"

"Da shi za a gyara," in ji Sabo. "Ban taɓa cewa ka yi sata ba. Ni dai ƙafar Ummi nake gani kullum da yamma."

"To ni ma fuskar Promise nake gani. Mamanta ta rasu, ka sani. Abu ɗaya na so in yi mata ta yi dariya."

Sabo ya san matar ta rasu shekaru biyu da suka wuce, har ya je gaisuwa, amma duk mitar da ya yi ta yi bai taɓa haɗa wannan da katan-katan na sabulu ba.

"Tana ina?"

"Tana ɗaki. Ta kulle ƙofa, ba ta cin abinci. Da safe ta ce za ta je duba decoration a makaranta. Ta dawo tana kuka tun kafin ma ni in ji labari."

"Kafin ka ji labari?"

"E. Ina jin ita ta fara gani babu shi."

A bakin ƙofar ɗaki akwai takalmin makaranta na yarinya, sandal ruwan ƙasa. An wanke shi, yana ɗigar ruwa. Sabo ya dube shi, ya yi sallama.

*

Wannan karon bai bi ta ƙofar makaranta ba. Ya tambayi kansa: yaron da ya fito da keke, yana tsoron a gan shi, ina zai nufa? Ya bi shingen bayan makaranta har ya zo wata kafa da yara suka yi a jikin waya. A nan ya same shi. Layi ɗaya, siriri, haƙoran taya sababbi sun fito raɗau a jiƙaƙƙiyar ƙasa, babu ɗigon yayyafi a kai. Bayan ruwa ya ɗauke ke nan. Gefensa sawun ƙafa na mutum biyu, ƙanana. Tura shi suka yi, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

Hanyar ta ratsa tsakanin gonakin masara ta gangara wajen rafi. Da ta yi nisa da gidaje, inda ta buɗe ta yi faɗi, sawun ya canja. Sabo ya tsaya, ya tsuguna.

Layin tayar ya fara karkace-karkace kamar tafiyar maciji. Nan ya kwanta dama, ga ƙafa ta dafa ƙasa. Nan ya kwanta hagu, ga ta kuma. A bayan tayar, dab da ita, sawun sandal ne, yatsu sun nutse, dugadugai ba su taɓa ƙasa ba. Gudu mai sandal take yi. Kuma ba ta kauce daga bayan keken ba ko sau ɗaya.

Ba gudun ɓarayi ba ne wannan. Mai sandal riƙe take da sirdi, tana koya wa ɗayar hawa.

Sai ya dubi ƙafar da ke dafa ƙasa. Silifas ne na roba, kuma a tsakiyar na hagu, wajen babban yatsa, akwai ɗan layi a gicciye. Ƙusa ce. Shi da hannunsa ya soka ta makon jiya, da maɗaurin silifas ɗin ya tsinke wa Ummi a hanyar Karshi ta dawo da shi a hannu.

Sabo ya zauna a kunyar gonar wani, ya cire hula. Ya daɗe a haka. Can ya miƙe ya ci gaba, domin sawu bai ƙare ba.

Sun je sun dawo a filin nan sau da yawa. Ya ga inda suka faɗi tare, ya ga inda suka zauna suka huta, sawun gwiwoyi kusa da juna. Daga nan karkacewar ta fara raguwa. Ƙafar hagu ta daina dafa ƙasa. Layin ya miƙe. Sai ga sawun sandal ya rage gudu, ya rage, ya tsaya cak, ƙafa biyu a jere. A wurin ƙasa ta tattaku, kamar mai su ta yi ta tsalle.

Tayar kuwa ta wuce ita kaɗai, miƙe sambal, babu kowa a bayanta.

Ya bi layin a hankali. Yarinyar da ba ta taɓa hawa keke ba. Ga shi tana tafiya, tana tafiya, har ta wuce bishiyar ɗorawa. Ya kama kansa yana murmushi shi kaɗai a cikin gona, alhali ya san abin da ke jiransa da la'asar.

Bayan ɗorawar hanya ta yi gangara. Babu alamar an ja birki. Layin ya zarce kai tsaye cikin wani kwazazzabo da ruwa ya zaizaye. A ƙasa ga shatin jiki, ga tafin hannu, ga ɗan jini a jikin dutse. Ga kuma sawun sandal ya sauko a guje, yana zamewa. Keken yana cikin ciyawa, an lulluɓe shi da ganye da kara. Ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar faifai.

*

Safara'u tana tankaɗe ya shigo. Ta ce Ummi tana ɗaki tun hantsi, wai kanta ke ciwo. Ya gaya mata abin da ya gani, a taƙaice. Ta saki rariyar.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta dafe ƙirji, sannan ta matso kusa. "Baban Ummi, ka ɗauko shi ka ce a daji ka tsinta. Ai ba ƙarya ka yi ba. Yarinya ce mace, sunan nan in ya kama ta ba zai sake ta ba."

Shi ma ya yi wannan tunanin tun daga bakin rafi har gida. Ya ce, "In na ce tsinta na yi, za a ce Yamusa ne ya ɓoye shi. Shi ba shi da uba a garin nan da zai zo ya share masa."

Ya ɗebi ruwan ɗumi a kwano, ya zuba gishiri, ya shiga ɗakin. Ummi tana kwance ta juya wa ƙofa baya, ta lulluɓa da hijabi a wannan zafi.

"Tashi in ga hannun."

Ba ta yi musu ba. Gwiwar hannun dama ta saluɓe, jini ya bushe ya manne da riga. Ya jiƙa tsumma ya shiga gogewa a hankali. Tana cije leɓe, hawaye suna sauka, ba ta yi ƙara ba.

"Wa ya kawo shawarar?"

"Promise ce ta zo da safe, Baba. Ta ce ba ta iya barci saboda keken. Ta ce ita ko kwalba goma ba ta sayar da kanta ba, kuma in an ba ta a gaban mutane kowa zai kalle ta. Ta ce in zo in fara hawa, ko sau ɗaya, sai mu mayar kafin Malam ya zo." Ta ja numfashi. "Na ce mata a'a. Sai kuma na tuna ka ce ai nawa ne aka ƙwace."

Hannunsa ya tsaya a kan tsumman.

"Na faɗa," in ji shi. "Bai kamata in faɗa ba. Ba naki ba ne, Ummi. An kafa ƙa'ida, ƙa'idar ba ta yi kyau ba, amma kin shiga kin san da ita. Wahalar da kika sha taki ce, babu mai ƙwace miki ita. Keken kuwa ba naki ba ne."

Ta gyaɗa kai.

"Kin san an doki Yamusa?"

Ta ɗago da sauri. Ba ta sani ba. Nan kukan ya ƙwace mata sosai, ta kifa kai a cinyarsa. Ya bar ta ta yi mai isarta.

"Da la'asar zan tsaya gaban mutane," ya ce. "Ko in faɗa, ko ki faɗa. Duk wanda kika zaɓa, ina tsaye kusa da ke."

*

Bayan sallar la'asar aka taru ƙarƙashin mangwaron makaranta, a kan kujerun da Bartholomew ya kawo don biki. Sabo ya ɗauko keken daga kwazazzabo, ya jingine shi jikin bishiya, da lanƙwasasshiyar ƙafarsa. Ya sa aka zaunar da Yamusa a kujerar gaba. Malam Muhyiddeen yana gefe, mai ƙosai ta bar kaskonta ta zo, Bartholomew ya riƙo hannun Promise, idanunta sun kumbura.

Sabo ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kurar Yamusa ta wuce ana yayyafi, keke kuwa ya fita bayan ruwa ya ɗauke. Ya ce Malam ba ya buƙatar bulo kafin ya kai ga makullinsa. Ya ce abin da ke cikin but ɗin Baban Promise, a kansa kuke zaune. Wasu suka yi dariya, mai ƙosai ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"To wane ne?" wani ya tambaya.

"Mutum biyu ne. Ba sayarwa suka je yi ba. Sawun ya nuna mini ɗaya tana kan keke, ɗaya tana riƙe da ita kada ta faɗi."

Ya dubi 'yarsa. Ummi ta miƙe. Kafin ta buɗe baki Promise ta fizge hannunta daga na ubanta.

"Ni ne! Ni ne na ɗauki key ɗin. Ni ne na kira ta."

"Ni na hau," in ji Ummi. "Ni na karya."

Hayaniya ta tashi. Bartholomew ya miƙe, bakinsa a buɗe. "Promise? Keken ki ne fa. Yau za a ba ki. Me ya sa za ki saci abin ki?"

"Ba nawa ba ne, Dadi. Oga ɗin ka ne ya ci." Tana magana tana sheshsheƙa. "Ummi tana wucewa ta gidan mu kullum da tire a kai, ni ina kallon ta ta window. Kowa a class ya sani. Ba su ce komai ba, amma sun daina zama kusa da ni."

Bartholomew ya koma ya zauna a hankali. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya jawo yarinyar jikinsa.

Sabo ya kama hannun Ummi ya kai ta gaban Yamusa. Ta durƙusa. Promise ta saki ubanta ta zo ta durƙusa kusa da ita.

"Baba Yamusa, ka yafe mana."

Yamusa ya rasa inda zai sa kansa. Wataƙila tun da ya zo Orozo ba a taɓa ce masa Baba ba. "Ku tashi, ku tashi. Ba ku kuka doke ni ba."

"Gaskiya ne," in ji Sabo, ya juya wajen samarin. Ba su jira an kira sunansu ba, suka fito kai a ƙasa. Bartholomew ma ya zo ya miƙa wa Yamusa hannu biyu, ya ce shi ya fara nuna shi da yatsa, kuma shi zai kai shi kemis a duba leɓen.

Maganar kyauta ta ɗauki lokaci, ba ta kuma ƙare yadda kowa ya so ba. Bartholomew ya ce a ba Ummi keken. Sabo ya ƙi, ya ce ba za a saka wa 'yarsa da abin da ta ɗauka ba izini ba, kuma gyaran ƙafar a kansa yake. Wata uwa ta ce to sauran yaran fa, da suka yi tallar su ma ba su zo ko na biyar ba? Malam Muhyiddeen ya ce laifin ƙa'idar nasa ne, ya ɗauka keke ɗaya zai sa yara su yi ƙwazo, bai hango zai raba su ba. A ƙarshe aka bar keken da sunan Promise, tun da haka aka yi alkawari. Ita kuma ta ce a makaranta za ta ajiye shi, duk wanda bai iya ba ta koya masa. Wasu iyayen suka tafi suna gunaguni. Aka raba lemon, ya riga ya huce.

*

Rana ta yi sanyi suka kamo hanyar gida, Sabo yana ɗauke da ƙafar keken a kafaɗa zai kai wa mai gyara, Ummi tana biye tana ɗingishi kaɗan. Ita tana jiran faɗa, shi kuma wani abu ne daban yake cin sa tun a gona.

"Ummi."

"Na'am, Baba."

"Can wajen ɗorawa, da ta sake ki. Yaya kika ji?"

Ta ɗago ta dubi fuskarsa, ta tabbatar ba tarko ba ne.

"Ban san ta sake ni ba, Baba. Ina ta yi mata magana, ina cewa ta riƙe da kyau. Sai na jiyo ihunta can nesa a bayana." Murmushi ya suɓuce mata duk da kumburin ido. "Iska tana shiga hijabina. Kamar ba na taka komai."

Sabo ya gyara ƙafar keken a kafaɗarsa, ya kau da kai gefe kamar yana duban masarar mutane.

"Ba ta nuna miki birki ba?"

"Ta ce sai na iya tafiya tukuna."

"To," in ji shi. "In an gyara, ki ce mata Baba ya ce a fara da birki."